Hatsin Tasalla a Bangon Lakol

Baƙo in ya shiga ajin lakol ɗin Tsamiyar Magaji, wani ƙauye da ke tafiyar hantsi a jaki daga Agiye, yakan tambayi abin da ya sa aka kafa taswirar ƙasa can ƙarƙashin kwanon rufi, inda ko malami sai ya ɗaga kai wuyansa ya ƙage kafin ya gan ta. Amsar da ake ba shi ɗaya ce: aikin Kande mai ƙosai ne.

Ajin ɗaki ɗaya ne na laka, tagarsa ta gabas ba ta da marufi, ga itacen bedi a gindinta. Nan Kande take aza kaskonta kowace safiya. In ƙosai yana cikin mai, idonta yana kan kasko, da ta tsame kuwa sai ka ga kanta ya ɓullo a taga. Ba ta taɓa zama a benci ba, ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma da za a kira sunan waɗanda ba su taɓa fashin aji ba, da ita za a fara.

Tambaya ce cutar Kande. Tun tana yarinya a wani ƙauyen Gazawa ake ce mata ko lahira ta je sai ta tambayi Walakiri wanda ya sassaƙa masa kulki. Mijinta Nomau, mutum mai sanyin hali, ya daɗe da gajiya. In ta tambaye shi abin da ya sa jaki yake kuka a lokaci ɗaya kullum, sai ya ce, "Ga shi can a turke, tambaye shi." Mata kuwa in sun hango ta a bakin rijiya sai su fara shirya amsa tun ba ta iso ba.

Abu ɗaya ne ba ta tambayar kowa a kansa, don ta san shi ciki da bai, shi ne irinta. Hatsi ne, wanda mutanen kudu ke ce wa gero, amma ba irin na kowa ba. Tsabarsa ja-ja ce, zangarniyarsa gajera mai gashi, tsuntsu in ya sauka sai gashin ya tsokane masa ido ya tashi. Yana kuma nuna kafin na mutane, daidai lokacin da rumbu ya ƙare ana kallon juna. Kakarta Tasalla ce ta zo da shi daga ƙasar Katsina, ƙulle a bakin zane, shekarar da suka tsallako arewa neman gona. Tasalla ta ba ɗiyarta, ɗiyar ta ba Kande ranar da za a kai ta ɗaki, cikin wani ɗan tulu da aka zuba wa toka aka liƙe bakinsa da laka. Tare da tulun aka ba ta ƙa'ida: iri kashi uku ake yinsa. Na fari na ruwan shuka ne, na biyu na ranar da shuka ta mutu. "Na uku ba naki ba ne," in ji uwarta, "na ɗiyarki ne. Ko mi ya faru kada ki taɓa shi."

Kande ta riƙe wannan magana. A gamanarta, wato 'yar gonar da maigida ke yankar wa mace, take shuka shi, ba ta yarda ya kusanci gandu ya gauraya da na Nomau. A shekarar saba'in da uku, da aka yi fari, ta ci tafasa da dussa da goyo a bayanta, tulun yana ƙarƙashin gado, ba ta fasa bakinsa ba. Ta kuwa yi ta ba da wannan labari shekara goma, har mata suka haddace shi, wasu ma suna taya ta ƙarasawa.

A shekarar tamanin da uku aka kawo sabon malami, Mushe Ayuba, wato Malam Ayuba da Faransanci, wani siririn saurayi ɗan Gidan Rumji, aikinsa na fari ke nan. A shekarar ce kuma aka sa Tsahara, autar Kande, a aji ɗaya. Ranar Asabar da safe Mushe Ayuba ba ya taɓa alli, aikin hannu ake yi. Yara su ƙera motar kara da tabaran kara, su gina shanun yumɓu su jera a rana, su tufka igiyar kaba. Kande ta kalli wannan na sati biyu, sannan ta kasa haƙuri.

"Mushe," ta ce ta taga, "wannan shi ne bokon? Ai wannan a tsakar gida suke yinsa ba wanda ya aike su."

"Haka ne, Inna," in ji shi. "Amma a tsakar gida ba mai tambayarsu ƙafa nawa motar take da ita."

Amsar ta yi mata daɗi, ko da yake ba ta nuna ba. Wata Asabar kuma ta ga ya raba wa yara gwangwanayen sardin, kowane da jiƙaƙƙen tsumma a ciki, ya sa sun jera ƙwayar wake goma-goma a kai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, wai yau ɗiyan manoma ake koya wa yadda wake ke tsira. Da ta gama dariyar sai ta tambaya, "To don mi goma?"

"In takwas suka tsira cikin goma, irin yana da rai. In biyu ne, kada a wahal da gona."

"Mu ƙasa muke tambaya."

"Ƙasa sai ta cinye irin tukuna ta ba da amsa, Inna."

Kande ta koma bakin kasko tana juya maganar. Ranar ƙosai biyu-biyu ya yi ta ƙonewa, yara suka sha gyara.

Bayan an gama kai damma rumbu, Mushe Ayuba ya samo wani ƙaton kwali wurin wani mai kanti a Agiye, ya zana wani abu a kai da gawayi. Ya aiki yara daji suka ɓanɓaro ƙaro, ya jiƙa shi a kwano har ya yi yauƙi. Sannan ya ce kowa ya zo da tsaba cikin hannu ɗaya daga gida, kowace iri ce, amma mai kyan gani. Tsahara ɗiyar shekara bakwai ce, abin da aka faɗa shi take ɗauka. A gidansu kuwa ba tsabar da ta kai ta cikin tulu kyau. Ranar Juma'a uwarta ta tafi suna wani ƙauye, yarinyar ta shiga ƙarƙashin gado, ta ɓalle lakar, ta dumbuza ta ƙulle a kallabi, ta kifa faifai a bakin tulun don kada a gane.

Da safe Kande ta ga faifai. Ba ta ɗauki kasko ba, ba ta ma ɗaura gyale da kyau ba, sai lakol. Fushin bai sa ta bi ta ƙofa ba, ta taga ta saba. Ta tarar da yara sun kewaye kwali a ƙasa, hannu duk danƙo, ga hatsinta an riga an manna.

"Mushe, a garinku abinci ake liƙa wa takarda?"

"Hannu ɗaya na ce, Inna, ban..."

"Ba ma abinci ba ne. Iri ne, irin kakata."

Mushe Ayuba ɗan manomi ne, ya san nauyin abin da ta faɗa. Ya ba ta haƙuri, ya ce bari ya kawo ruwa a wanke mata abinta yanzu. Ta buɗe baki za ta ce a wanke, sai idonta ya tsaya a kan zanen. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Wai shin wannan mine ne? Kaza ce ta kwanta?"

"Ƙasarmu ce, Nijar."

"Duk ɗinta? To mu muna ina?"

Ya nuna wani yanki a ƙasa, a cikin kazar, wanda bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya ce nan ce Maraɗi, da Agiye da Gazawa da garinsu Gidan Rumji duk suna ciki. Yankin kuwa shi ne aka shafe da jan hatsinta. Damagaram an yi ta da gyaɗa, Tawa da wake, wajen kogi da shinkafar da malamin ya sayo da kuɗinsa, sama kuwa, fiye da rabin kwalin, rairayi ne kawai.

"Wannan rairayin fa?"

"Agadas."

"Su mi suke ci?"

Haka ta tsare shi da tambaya har rana ta yi sama, ta manta abin da ya kawo ta. Daga ƙarshe ta ce, "To in dai Maraɗi ce, ba ku sa mata wanda bai dace ba. Amma ƙaron ya yi kaɗan, kwana uku zai zube kaji su tsince. Ƙara." Ya ƙara. Ta ce ya ƙara. Sai da tsabar ta nutse cikin danƙo tana ƙyalli sannan ta yarda. Tsahara dai ba ta tsira ba, kunnenta ya sha murɗa a gida. Shi kuwa Mushe ya kafa taswirar a bango da ƙusa huɗu, yana jiran ranar da sufeton makarantu zai zo ya gani, don ana ta cewa yana tafe.

Sufeto bai zo ba, fari ne ya zo. Daminar tamanin da huɗu ruwa ya yi latti, da ya sauka aka yi shuka, ta fito kore shar, iska ta taso da rairayi ta binne ta cikin yini ɗaya. Aka jira kwana ashirin, aka samu wani yayyafi, Kande ta zuba kashi na biyu. Wannan ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallon sama har ya bushe a tsaye. A shekarar ba wanda ya ɗaura dami a Tsamiyar Magaji. Fulanin da ke zaune bayan gari suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu, maza suka bi bayansu neman aiki, har da Nomau. Kaskon ƙosai ya koma bayan ɗaki, don ba wake ba mai. Mata suka shiga daji ɗibar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, wasu suna tonon gidan tururuwa. In an ji motar taimako ta zo Agiye sai a tafi a ƙafa a yini a layi, a dawo da jar dawa a bakin zane.

Kande ta san yunwa, ta taɓa kwana da ita, tana ganin wannan ma za ta wuce ta bar tulun. Amma da sanyi ya shigo sai Tsahara ta kwanta. Anza ba ta zama a cikinta, jar dawa kuwa da ta sha sai gudawa. Yarinya ta rame har awarwaronta yana zamewa ya faɗi. Wata safiya ta buɗe ido ta ce, "Inna, kunu nike so, irin namu."

Kande ta jawo tulun ta ajiye a gabanta, ta zauna tun hantsi har aka kira azahar. Sannan ta ce, "An ce na ɗiyata ne. To ga ɗiyar." Ta ɓalle lakar, ta sheƙe tokar, ta zuba a turmi ta daka da hannunta. Kwana tara ya yi mata tana dama shi kaɗan-kaɗan. Ran na goma Tsahara ta tashi zaune da kanta ta nemi ruwa.

Kande ba ta yi nadama ba, ko sau ɗaya. Amma baƙin ciki ya shige ta, da kunya. Abin da ya tsallako iyaka a bakin zane, ya ratsa hannun mata uku, ita ce ta ƙarasa shi a turmi, ita da ta shekara goma tana cika baki. In ta ga tulun sai ta kau da kai. Ta daina zuwa taga, ta daina tambaya. Da Nomau ya dawo da bazara da ɗan buhun garin rogo, ba ramarta ce ta tsorata shi ba, shirun ne. Ya yi kwana uku a gida ba ta tambaye shi ko wane gari ya je ba.

Da hadari ya fara haɗuwa aka raba irin taimako a Agiye, an shafe shi da wani jan magani, ba wanda ya san sunansa ko kwana nawa yake yi. Ta karɓa, don gona ba ta jira. Amma ta taka har Gazawa wurin ƙanwarta, ta tarar ita ma ta cinye nata tun kafin azumi. Ta bi 'yan awo a kasuwar Agiye ɗaya bayan ɗaya tana tsoma hannu a kwando. Ta je har inda rugar Asta take, wata Bafillatana da Kande ta taɓa ba wa ƙoƙo ɗaya na irin a madadin man shanu, ta samu wurin ba kowa sai duwatsun murhu. Hatsin Tasalla ya ƙare a duniya, ta dawo gida da wannan.

Wata Asabar ta raka Tsahara lakol, don ana ba yara dafaffiyar dawa da rana, yarinyar kuwa ƙafarta ba ta gama ƙwari ba. Ƙafar Kande ta kai ta gindin bedi ba da saninta ba. Ta leƙa. Cikin yara arba'in da wani abu saura goma sha ɗaya, suna tufka igiya ba hayaniya. Ta ɗaga ido ta ga taswira. Wayyo, ƙasa ta sha wuya. Gyaɗar Damagaram babu, waken Tawa babu, shinkafa ko ƙwaya. Lokacin yunwa yara sun riƙa hawa benci suna ɓanɓara suna jefawa a baki, Mushe yana gani yana juya baya yana goge allo. Abin da ya rage rairayin Agadas ne, da jan yankin nan na ƙasa. Duk jikinsa sawun farce ne, amma ƙaron ya yi kauri, tsabar kuma ƙanana, farcen yaro bai iya da ita ba.

Kande ta dafa bango. Ta kira malamin.

"Mushe, iri in ya shekara biyu cikin ƙaro, yana mutuwa?"

Mushe Ayuba ya waiwayo. Shi ma ya rame, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya dubi inda take kallo, ya ce, "Ban sani ba, Inna."

"Ina gwangwaninka?"

Nan ya gane inda ta dosa, fuskarsa ta canza. Ya matso taga ya rage murya. Ya ce takarda ta zo, sufeto zai iso nan da sati uku, wannan karon da gaske. Shekara biyu yana koyarwa ba a tabbatar da shi a aiki ba, sai sufeto ya gani ya sa hannu. Kaye, wato littafin rubutu, babu, alli ya ƙare, shanun yumɓu sun farfashe, yara sun watse. Taswirar nan kaɗai ta rage masa da zai nuna, yana ma shirin cike guraben da tsakuwa da jar ƙasa. In aka taɓa Maraɗi, me ya saura?

"Ban ce ka ba ni duka ba," in ji ta. "Goma."

Ya hau benci da reza, ya kankaro ƙwaya goma daga gefe, ya zuba mata a tafin hannu. Ya ba ta gwangwanin sardin ɗaya da ya yi tsatsa. Ta je gida ta yagi bakin tsohon zane, ta jiƙa, ta jera su kamar yadda ta ga yara sun yi, ta ajiye bayan randa. Rana ta fari ta leƙa sau ba adadi, har Nomau ya ce, "In kina buɗe tukunya haka ai ba ta nuna." Rana ta biyu ba komai. Ta uku sun kumbura kawai, biyu ma sun yi baƙi. Safiya ta huɗu ta ɗaga tsumman, ta ga fararen zare sun leƙo daga ƙwaya huɗu. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, wanda ba ta yi ba ranar turmi.

Ta ɗauki gwangwanin da hannu biyu har taga.

"Ka ce in takwas ne yana da rai, in biyu ne kada a wahal da gona. Huɗu fa?"

Mushe Ayuba ya leƙa gwangwanin, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. "Huɗu ban taɓa koya musu ba," in ji shi. Ya juya ya dubi taswirar, ya daɗe yana dubanta, Kande kuwa yau ta yi abin da ba ta saba ba, ta yi shiru ta ƙyale mutum da tunaninsa. Can ya hau benci ya zare ƙusoshin. Ya shimfiɗa kwalin a tebur, ya bi layin gawayi da reza a hankali, ya cire Maraɗi ɗungurungum.

Aikin hannun wannan Asabar shi ne yanka ta ƙanana. Yara suka ce a jiƙa a ruwa ƙaron ya narke a tsince tsabar. Kande ta hana daga taga, ta ce ruwa shi ke tada iri daga barci, in ya tashi bai ga damina ba ya mutu ke nan. A yanka kwalin kamar faɗin farcen babban yatsa, kowane da ƙwaya goma ko kusa, ranar ruwa a binne shi da kwalinsa, ƙasa ta narkar da ƙaron da kanta. Haka aka yi. Yara goma sha ɗaya suka yini suna yanka, harshe a waje, aka samu ɗari da ɗoriya. Ta zuba su a tulun nan da ta daɗe ba ta kalla ba.

Kwana takwas bayan haka aka yi ruwa mai kyau. Mutane suka fita da sungumi suna zuba irin taimako. Kande ta ware wani lungu a gamanarta, nesa da na kowa, tana sara tana jefa guntun kwali tana takewa da diddige. Masu wucewa suka tsaya kallo. Wata ta ce yunwa ta taɓa Kande, takarda take shukawa.

Sufeto ya zo a ranar da ya faɗa, cikin mota, da jaka a hammata. Ya duba yara, ya duba igiyoyin kaba, ya tsaya gaban taswira mai tsakuwa da rami a ciki, ana hango bangon laka ta ramin. Ya yi tambaya da Faransanci. Mushe Ayuba ya fara amsa yana in-ina. Kande tana taga, ta yafito Tsahara da ke kusa ta ce, "Mi ya ce?"

"Wai ina Maraɗi."

"Ranka ya daɗe," in ji Kande, "tana gamanata. Shekaranjiya ta tsira."

Sufeto ya dube ta, ya dubi Mushe, ya rubuta wani abu a littafinsa ya shiga mota. Abin da ya rubuta ba wanda ya sani a ƙauyen. An dai san Mushe Ayuba ya ƙara shekara guda yana jiran takardarsa, bai kuma taɓa ɗaga maganar a gaban Kande ba. Ita ce ma ta riƙa tambayarsa, yana cewa tana tafe.

Ramukan ba duka suka fito ba, ɓeraye kuma suka tone wasu. Abin da ya rage Kande ta tsare shi kamar jinjiri, ta yi masa noma uku, ta kewaye shi da ƙaya. Ranar da zangarniyar fari ta fito da gashinta, ta kira Nomau ya zo ya gani, ta tambaye shi ko ya taɓa lura gashin yana juya wa iska baya, kuma don mi. Nomau ya ce, "Alhamdu lillahi," ta ce ba amsar ke nan ba. Na mutane yana fure nata ya nuna. Dami ɗaya ta samu da ɗan abin da bai kai a ɗaure ba. Gidan suna cikin wuya har lokacin, amma ko tumu ɗaya ba a gasa ba.

Da aka koma lakol bayan kaka, Asabar ta fari, yara suna zaune sai suka ga Kande ta shigo ta ƙofa. Ajin ya yi tsit, don ba su taɓa ganin ƙafafunta a ciki ba. Tana riƙe da ƙoƙon tsaba, da kwanon ƙaro da ta jiƙa da kanta, da wani guntun kwali.

"Sauko da ita, Mushe. Na zo biyan Maraɗi."

Ta zauna a bencin yara, gwiwa har haɓa. Mushe ya yanka kwalin daidai ramin ya liƙa ta baya, ita ta shafa ƙaro ta barbaɗa tsaba ta danna da babban yatsa, ta sake shafawa, ta sake, Tsahara tana riƙe mata kwano. Tana yi tana faɗa wa yarinyar cewa daga yau iri kashi huɗu ne, na huɗu na bango ne, kowace kaka a cire tsohon a shuka a manna sabo. Da ya sha iska Mushe Ayuba ya hau benci zai mayar da shi a tsofaffin ramukan ƙusa.

"Ɗaga," in ji Kande.

Ya ɗaga da taƙi ɗaya.

"Ƙara."

"Inna, ko babban yaro ya hau benci ba ya kai nan."

"Ba yara nike tsoro ba."

Ta hau bencin da kanta, ta miƙa hannu, yatsunta suka taɓa jan yankin. Ta dube shi ta ce, "Ka gani? Wannan hannun ya taɓa yi, ya san hanya."

Mushe Ayuba ya sauko da taswirar. Ya jawo tebur ya aza benci a kai, yara suka riƙe masa ƙafafun, ya hau ya kafa taswirar can ƙarƙashin kwano. Kande ta sake hawa nata bencin, ta miƙa hannu, ta yi ɗage har ƙafarta tana rawa, bai kai ba.

"To, yanzu ya yi," ta ce. Ta sauko ta ɗauki ƙoƙonta, ta fita ta hura wutar ƙosai.